Gadar da Maƙabarta Ta Cinye

A bayan mayanka, inda rafi ya raba garin gida biyu, akwai wasu ginshiƙan dutse a jere cikin ruwa, ba komai a kansu sai kashin balbela. Baƙo in ya tambaya, sai a ce masa ai gada ce a da, hukuma ta rushe. Kulu ba ta taɓa jin wannan amsar ba ta ja tsaki ba. Hukuma ta rushe! Gaskiya ne ma'aikata sun zo da guduma, amma me suka tarar? Ƙashi ne kawai. Mutanen gari sun riga sun cinye naman tuntuni, suna ci suna salati.

Tana sabuwar amarya aka yi gadar, ko lallen ƙafarta bai gama gogewa ba. Gayya aka kira. Mutanen Cikin Gari da na Hayi suka fito gaba ɗaya, masu jakuna na jido duwatsu, makaɗa na zuga samari, mata na dama kunu a bakin gaɓa. Mijinta Ɗan'azumi, manomin rake, yana cikin waɗanda suka shiga ruwa har ƙirji suna kafa ginshiƙai. Irmiya kafinta, wanda a lokacin bai daɗe da zuwa daga kudancin Kaduna ba, shi ya jera azarar giginya daga wannan ginshiƙi zuwa wancan ya kafe da ƙusa. Da aka gama, jaki da kayan rake yana wucewa a kai, mace da tulu ta ratsa ta gefensa ba ta goge shi ba. Gonakin fadama suna Hayi, maƙabarta ma tana Hayi. Don haka mai rai da matacce duk ta kan Gadar Gayya suke bi, tunda gadar mota tana can nesa wajen hanyar Makarfi.

Shekaru suka ja, itace ya ƙare a daji. Masu gawayi da masu girki suka share duk abin da ke tsaye. To kabari kuwa ba ya rufuwa sai an jera itace a bakin ramin ciki, a liƙe da laka, sannan a zuba ƙasa. Wata rana da damina aka kai wani tsoho, aka sa shi a makwancinsa, aka waiga, itace bai isa ba. Ga hadari ya haɗo. Sai wani mai dabara ya ce akwai azara ɗaya a gefen gada da ta ɗan saki, a ciro ta, in an kwana biyu a mayar da wata. Wa zai ce a'a, gawa na kwance a buɗe? Aka ciro, aka sassare, aka rufe tsoho. A hanyar dawowa har ana yaba itacen: giginya ce fa, gara ba ta cinta, wannan bawan Allah ya yi sa'ar makwanci.

Wannan yabon shi ya kashe gadar. Daga ranar kowa ya ce ai tasa uwar ma uwa ce, nasa uban ma uba ne, don me za a rufe shi da reshen darbejiya da gara za ta cinye kafin sadakar arba'in? Sai ya zama al'ada. A ɗauko makara a haye da ita, na baya su tsaya su ɓamɓare azarar da suka taka yanzun nan, su saɓa a kafaɗa su bi jama'a, fuska cike da tsoron Allah. Kowa ya ce zai mayar. Wallahi ba wanda ya taɓa mayar da ko tsinke. Jaki ne ya fara ƙin hawa, shi da ake cewa ba shi da wayo. Daga baya masu tulu suka daina. A ƙarshe wata mai tallar fura ta zurma ta rami ta karye a ƙugu, sannan ne aka ga motar hukuma. Suka ce abin ya zama tarko, suka kwankwatse ragowar, suka bar ginshiƙai don guduma ta kasa su. Suka kafa allo mai ƙafafun katako cewa za a yi ta siminti nan ba da daɗewa ba. Ba a yi wata biyu ba aka tarar da allon kwance a ƙasa, ƙafafunsa ma sun tafi rufe wani.

Tun daga nan sai shiga ruwa. Ruwa kuwa ba irin wanda Kulu ta sani tana amarya ba. Jinin mayanka da ƙazantar tumbi a nan suke gangarowa, kwatamin rabin gari a nan yake juyewa, ga ledoji, ga kunzugun jarirai, wani lokaci har mushen akuya ya kumbura ya maƙale a jikin ginshiƙi. Da rani ya tsaya iya ƙwauri, baƙi ƙirin, kore a gefe. Da damina ya kai ƙugu, wani lokaci ya fi ƙarfin kowa. Autarta Khairiyya a Hayi take aure, gonar albasar Kulu ma tana can. Duk ranar da Kulu za ta haye, sai ta tattare zani har cinya, mace da jikoki, samari na zaune a kan babura a bakin gaɓa suna yi kamar waya suke kallo. In ta fito sai ta yi ta dirzar ƙafa da yashi, amma warin na nan har ta kwanta. Ta sha faɗa wa mijinta cewa ita ba ruwan ne ya fi ba ta ƙyama ba, mutanen da suka jefa ta cikinsa ne, ga su nan suna gaishe ta kullum safe.

Ɗan'azumi ba mai yawan magana ba ne. Wata ranar rani ya sauka rafi da igiyar rama, ya auna tsakanin ginshiƙi da ginshiƙi, ya yi ƙulli a daidai wurin, ya dawo ya rataye ta a ƙusa bayan ƙofar ɗaki. Daga nan duk lokacin da ya sallami rakensa sai ya ɓace. Ya je Gazara, ya je Likoro, ya je ƙauyukan bayan Kudan, duk inda aka ce masa za a rushe tsohon soro ko an kayar da giginya. Doguwar azara ta yi wuya, don gine-ginen yanzu ba sa buƙatarta, masu faskarawa ma sun ƙare. In ya sami wata sai ya ɗora igiyarsa a kai. In ta kai ƙulli ya ɗauka, in ba ta kai ba ko da ɗan yatsa ne ya bar musu abinsu. Ya yi ta kawo su ɗaya-ɗaya a amalanke, yana jerawa a bayan gida jikin katanga, ya rufe da zana da tsohon tamfol. Rani uku yana wannan aiki, mutane na yi masa dariya.

Da tarin ya yi girma sai dariya ta koma gaisuwa. Duk ranar da aka yi rasuwa, kafin a gama wanka an yi sallama a ƙofar gidansa. Kulu na daga tsakar gida tana jin su. Su daɗe suna gaisuwa, ina gajiya, ina iyali, ya muka ji da haƙuri, sannan a sauke murya a ce, to, Malam Ɗan'azumi, dama itace ne bai isa ba.

Amsarsa ɗaya ce: "Allah Ya jiƙansa. Azarar nan ta gada ce."

Ai kuwa gari ya ɗauka. Mutumin da ya hana gawa itace! Wasu suka daina amsa sallamarsa a masallaci. Wata rana ƙanensa Mamuda ya shigo har tsakar gida, ya zauna a kan turmi yana huci.

"Yaya, ka zubar mana da mutunci a garin nan. Ko ina na zauna sai a yi shiru. Yau surukin liman ne fa aka kai, aka rufe shi da rassan mangwaro ɗanye, ga giginya jibge a bayan gidanka."

Ɗan'azumi ya ce, "Ta ina kuka bi da shi?"

"Ta cikin ruwa mana, ta ina kuma?"

"Ta cikin jinin mayanka. Likkafaninsa bai jiƙe ba?"

Mamuda ya kau da kai. Can ya ce, "To, in kai ne a kwance fa? Me kake so a rufe ka da shi?"

"Fasassun tukwane. Da su aka rufe kakanmu, ban ji ya dawo ya yi ƙorafi ba."

Kulu da ke tankaɗe ta ce, "Ka ji dai, Mamuda. Kunnenka biyu, ba ɗaya ba."

Mamuda ya yi murmushin da bai kai ciki ba, ya ce, "Ke dai Yaya Kulu ke ce mai zuga shi." Ya kaɗe riga ya fita.

Ita kuwa ba ta ɗauki maganar wasa ba. Daga ranar duk randar da ta tsage, duk tulun da ya fashe, nata ko na maƙwabta, sai ta karɓa ta jera a bayan madafa. Matan unguwa suka ce Kulu ta fara taɓuwa. Ta bar su da bakinsu.

A rani na uku tarin ya cika. Ɗan'azumi ya je ya sami Irmiya, wanda yanzu kansa ya yi fari fat amma hannunsa bai mutu ba, suka sa ranar gayya kafin ruwa ya sauka. Sai ruwan farko ya riga su. Washegarinsa Ɗan'azumi ya haye fadama duba rake, ya dawo jikinsa na rawa, ya kwanta. Aka kai shi asibiti aka dawo da shi, ba sauƙi. Wata safiya, rana ta ɗan ɗaga, ya kira Kulu ya nuna mata igiyar da ke bayan ƙofa.

"Kin ga wannan. Kin ga na bayan gida. Amana ce na bar miki. Za su zo."

"Na sani, Malam."

"Kada ki ba su. Ko don ni ne."

Ta ce ba za ta bayar ba. Kafin azahar ya cika.

Gida ya cika da mata, ƙofar gida ta cika da maza. Mutanen da suka shekara ba su amsa sallamarsa ba su ne a sahun gaba, suna share ido da bakin riga. Kulu na ƙuryar ɗaki, an lulluɓe ta, 'yan'uwa sun kewaye ta. Duk da abin da ke cinta ba ta manta ba. Ta sa mata suka kwashi fasassun tukwanen nan suka miƙa zaure, ta ce a faɗa wa Mamuda ga wasiyyar yayansa.

Ba a jima ba ta ji muryar Mamuda daga zaure, yana magana da ƙarfi yadda na waje za su ji. "Tukwane? Yayana, uwa ɗaya uba ɗaya, a rufe shi da fasasshiyar randa kamar wanda ba shi da kowa? Mutumin da ya sha wahalar tara giginya rani uku? Wa ya fi shi cancanta da ita a garin nan?" Ta ji maza sun amsa da gaskiya ne, wallahi gaskiya ne. Wani ma har da cewa ai girmamawa ce.

Sai ta ji ƙarar zarto ta bayan katanga.

Ta yunƙura za ta tashi, mata suka danne ta. Haba Kulu, gawar mijinki na kwance, za ki fita cikin maza? Ki ji tsoron Allah. Ta ce su sake ta, suka ƙi. Ta ɗaga murya ta kira Mamuda, ta kira shi da sunan da uwarsa ke kiransa yana yaro, ta ce Allah Ya isa tsakaninta da duk wanda ya taɓa azarar nan. Wata tsohuwa ta toshe mata baki da tafin hannu tana cewa zafin rashi ne, ku rabu da ita. Zarto ya yi ta ci. Ya tsaya, ya sake kamawa, ya tsaya, ya sake kamawa, har ta daina sanin sau nawa. Daga nan aka ɗauki makara, ta ji tafiyar jama'a ta yi wajen rafi. Ta san ta cikin ruwan mayanka za su bi da shi, shi da ya ƙare ƙarfinsa don kada a sake bi da kowa ta nan.

Bayan an dawo Mamuda ya tsaya a bakin ƙofar ɗakinta, wandonsa jiƙe har gwiwa, wari na tashi. Fuskarsa irin ta wanda ya yi abin kirki yana jiran godiya.

"Yaya Kulu, ki kwantar da hankalinki. Na ji ihunki, kuma na san abin da marigayi ya ce. Shi ya sa muka yi dabara. Ba mu ɗauki azara ko ɗaya ba. Ɗan guntu muka yanka a bakin kowacce, kamu guda, yadda ba wadda za ta ji a jikinta. Ga shi an rufe Yaya da giginya, ga tarinsa na nan yadda ya bari. Kowa ya samu."

Ta dube shi. Ƙyama ta kama ta, irin wadda take ji in ƙafarta ta taka abu mai laushi a ƙasan rafi. Ta juya masa baya. Ya ɗauka kukan miji ne, ya yi mata addu'a ya tafi.

Ta shiga takaba, damina ta kankama. Igiyar na nan a bayan ƙofa, kullum in ta buɗe ido ita take fara gani. Ɗauko ta ta zaga bayan gida ta ɗaga tamfol ta auna ba zai ci mata komai ba. Ba ta yi ba. Tsoro take ji, kuma ta san tsoro ne. Sai ta riƙa ce wa kanta ƙila Malam ya bar rara, ƙila cewar da yake yi azara in ta gaza ko da ɗan yatsa ba ta da amfani zancen maza ne, ƙila guntun bai kai yadda Mamuda ya ce ba. Irmiya ya zo gaisuwa ya tsaya a zaure ya yi kuka kamar yaro. Ya ce mata zartonsa aka aika aka ara ran nan, an ce masa reshe za a yanka. Ta so ta ce ya je ya ɗaga tamfol ya duba, amma ta bar shi ya tafi.

Abin da ta iya shi ne gadi. Ta shimfiɗa tabarma a bakin ƙofar baya inda take hango tarin, nan take tsince shinkafa, nan take jan carbi. Mutane ba su daina mutuwa ba don Kulu na takaba, masu sallama ma ba su daina ba. Yanzu har da sabuwar hujja: ai shi kansa mai ita da ita aka rufe shi. Ta cikin labule take ba su amsar mijinta, kalma a kan kalma. Suka ce ta fi shi taurin zuciya. A tsakiyar damina Khairiyya ta haihu a Hayi, ruwa ya cika gaɓa da gaɓa, sai a waya Kulu ta ji kukan jikarta. Ran nan ta daɗe zaune tana kallon tamfol, ruwa na ɗiga daga bakinsa.

Da ta fita takaba kaka ta yi, ruwa ya fara ja. Ba ta jira wani namiji ya tuna ba. Ta sa mayafi ta je ƙofar liman ta durƙusa ta ce, Allah gafarta Malam, ranar gayyar da marigayi ya sa ta wuce, a sa wata. Ta je wurin mai unguwa. Ta je wurin Irmiya. Wanda ya yi mata nawa sai ta tuna masa a gaban mutane cewa ta gan shi yana kuka ranar jana'iza, to ga abin da zai yi da hawayen. Kunya ta kama su, aka sa rana.

Ranar ta dama kunun tsamiya a manyan tukwane, maƙwabta suka taya ta kaiwa bakin rafi. Ta ɗauko igiyar ta naɗe ta cusa a ƙugu, ita ma ba ta san dalili ba. Jama'a suka taru fiye da yadda ta zata. An samo makaɗi ma. Samari suka yaye tamfol, suka saɓo azarori biyu-biyu suna waƙa, kai ka ce su suka je Gazara suka samo. Can tsallake ta hango Khairiyya tsaye da goyo tana ɗaga mata hannu. Irmiya ya hau ginshiƙin farko da gudumarsa da ƙusoshi a aljihu. Mamuda ya tsaya a gaɓa da babbar riga yana ba da umarni.

Aka miƙa azarar farko. Aka ɗora gindinta a kan ginshiƙi, aka tura kanta wajen na gaba. Samari biyu na can suna miƙo hannu. Ta zo, ta zo, ta tsaya a iska. Suka ce a ƙara turowa. Aka tura, gindin ya zame daga wannan gefen, azarar ta faɗa ruwa tim, baƙin ruwan ya fantsama har kan rigar Mamuda. Aka yi dariya, aka ce wannan gajera ce, a kawo wata.

Ta biyu ma haka. Ta uku ma haka. Makaɗi ya sassauta, can ya daina gaba ɗaya. Irmiya ya sauko daga ginshiƙi, ya bi azarorin da ke jere a gaɓa yana shafa bakin kowacce, inda sawun zarto ya bar fari. Da ya kai ta ƙarshe ya zauna a ƙasa ya riƙe kai da hannu biyu.

Mamuda ya ce, "Ikon Allah! Ko ruwan bana ne ya tura ginshiƙan baya?"

Wani dattijo ya ce ba mamaki itacen ne ya motse, tunda ya sha damina a waje.

Kulu ta ajiye ludayin kunu. Ta ratsa maza, suka dare mata don ba su taɓa ganin fuskarta haka ba. Ta zaro igiyar daga ƙugu, ta taka bakinta a gindin wata azara, ta ja ta har ƙarshe. Itacen ya ƙare, igiya ta yi saura, ƙullin na lilo a hannunta. Ta ɗaga shi sama yadda kowa zai gani. Ba ta matsa kan ta biyu ba, ba buƙata.

"Da biyu kuka ɗauka ɗungurungum," in ji ta, "da yau mun rasa biyu. Ku da dabararku."

Wani saurayi ya ce ko a ƙara ginshiƙi a tsakani. Mai unguwa ya ce wannan shawara ce mai kyau, sai an zauna an duba. Duk wanda ke wurin ya san ma'anar sai an zauna a garin nan. Irmiya ya ce da murya ƙasa-ƙasa giginya ba ta ɗaukar haɗi a tsakiya, in an haɗa da mutum za ta karye.

Sai liman ya gyara murya. Ya ce kowane abu da lokacinsa, Allah bai nufa ba, kuma niyyar marigayi ta riga ta isa inda za ta. Ya dubi azarorin da ke kwance a rana, jajaye, masu kauri, ba inda gara ta taɓa. Ya ce, "Kuma in aka duba, ba a yi asara ba. Maƙabarta na cikin buƙata. Sadaka ce mai gudana ga Malam Ɗan'azumi."

Kai, ka ga yadda fuskoki suka washe! Kamar an sauke musu kaya. Masu sunkuyar da kai suka ɗago, aka shiga cewa haka ne, Allah Ya kai ladan kabarinsa. Samari har sun shiga ruwa suna jawo waɗanda suka faɗa, da himmar da ba su nuna ba ɗazu. Wani ya tambayi Irmiya ko ya zo da zarto. Tsohon ya tashi ya tattara kayansa ya tafi, amma wani ya ce ba komai, akwai a gidansa.

Mamuda ya matso kusa da ita, ya sauke murya, da gaske tausayinta yake ji. "Ki yi haƙuri, Yaya Kulu. Kuma kada ki damu, ni da kaina zan ware miki masu kyau a ciki in ajiye. Ba za a ce matar Yaya ta rasa ba in ranar ta zo."

Ta kalle shi tun daga hula har takalmi. Ta tofar da yawu a gefe.

"Tukwanen da kuka ƙi suna nan a bayan madafa," ta ce, da ƙarfi, yadda har liman ya ji. "Duk wanda ya ɗora mini itacen nan a kabari, ban yafe ba. Duniya da lahira ban yafe ba."

Suka ce subhanallahi, Kulu, bar faɗin haka. Mamuda ya yi murmushi ya girgiza kai, irin murmushin da ya yi ranar da yayansa ya ce a rufe shi da tukwane. Ta gane murmushin. Ta san ranar da tata ta zo, tana kwance ba baki, shi ne zai tsaya a zaure ya ce matar yayansa ta fi ƙarfin fasasshiyar randa, jama'a su amsa da gaskiya ne.

Ta naɗe igiyar ta mayar ƙugu. Ta bar musu kunun. Ta sauka gaɓa, ta tattare zani har cinya a gaban liman da mai unguwa da duk mazan garin, ba ta ko nemi inda ya fi tsabta ba, ta sa ƙafa cikin ruwan. Wani abu mai laushi ya nutse a ƙarƙashin tafinta, ba ta duba ba. Khairiyya na can tana kwance goyo don ta nuna mata jaririyar. Kulu ba ta kai ginshiƙi na biyu ba ta ji zarto ya fara ci a bayanta.